Galadiman da ba ya barin magaji

A cikin ƙofofin ganuwar Zariya akwai biyu da ke ɗauke da sunan sarauta, Ƙofar Galadima da Ƙofar Kuyambana. Doka, Kona, Gayan da Tukur-Tukur kowa ya saba da su a bakin 'yan acaɓa, amma waɗancan biyun suna tuna wa mai wucewa da manyan da suka riƙe gari a ƙarƙashin sarki.

Kalmar Galadima baƙuwa ce. Daga Borno ta zo, inda Galadima ke zaune a Nguru yana riƙe da yammacin daula, da dakarunsa da fadarsa, ɗa yana gadon uba. Idan ana neman kwatankwacin basaraken nan na Turai na zamanin da, mai ƙasa a ƙarƙashin sarki, wanda Ingilishi ke kira Diyuk daga kalmar Latin mai nufin jagoran yaƙi, to Galadiman Nguru ne. Yarima da Ciroma ma ta hanyar Borno suka shigo. Madawaki kuwa ɗan gida ne, mai dawaki, wanda baki ya taƙaita zuwa Madaki.

Sai dai Zazzau ta ari sunan ta sauya masa hali. Yadda Malam Hassan da Malam Shu'aibu suka rubuta tsarin Haɓen Zazzau da suka koma Abuja, wanda M. G. Smith ya ɗora littafinsa na 1960 a kai, manyan rukunin sarki huɗu ne: Madawaki, Galadima, Wambai da Dallatu. Madawaki ɗa ne, shi ke jan rundunar yaƙi, Kuyambana na ƙarƙashinsa. Sauran ukun kuwa babanni ne, wato mazan da aka dandaƙe. In sarki ya fita yaƙi, Galadima ake bar wa gari. Dallatu shi ke bin sarki ya kula da sansani.

A ganina babu wayon da ya kai wannan a tsohuwar siyasar Zazzau. Mutumin da aka ba amanar gari ba shi da ɗan da zai yi wa kwaɗayin gadon sarauta, kuma ranar da ya rasu, dukiyarsa da rawaninsa su koma hannun sarki. Ɗan Galadima ma, duk da sunansa, ba ɗansa ba ne. Ɗan sarki ne, mai jiran gado. Sarakunan Turai sun sha wuya a hannun manyan hakimansu masu gado, kamar yadda gidan Burgundi ya hana sarakunan Faransa barci a ƙarni na 15. Haɓen Zazzau tun daga tushe suka toshe wannan kafa.

Mata ma suna da nasu. Iya sarautar mace ce ta gidan sarki, haka Sarauniya, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ke ambaton Bakwa Turunku da Amina, ƙasar da ake cewa birninta sunan Zariya ƙanwar Amina ya ci.

Jihadi ya birkita lissafin. Sarki Makau ya fice zuwa Zuba, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja yau, tsohon tsarin ya bi su can. A birni kuwa Malam Musa ya hau, sarauta ta dinga zagayawa tsakanin Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, kowane sarki da 'ya'ya da ƙannen da zai saka wa. Zancen babanni ya ƙare. Madaki ya zama rawanin 'ya'yan sarki, Iya ta koma kan namiji, har Iyan Zazzau ya zama cikin manyan masu neman karaga. Marigayi Shehu Idris daga Ɗan Madami ya hau a 1975, Ahmed Nuhu Bamalli kuwa daga Magajin Gari a 2020, wanda ya mayar da sarauta gidan Mallawa bayan shekara 100.