Daga Lifidi Zuwa Rigar Storm: Tarihin Shigar Sadaukan Zane

Duk wanda ya taɓa bin tawagar hakimin Ikara, ko na Makarfi, ko na Kudan zuwa Zariya domin hawan sallah ya san ba a bukatar sanƙira kafin a gane wane ne wane. Mai jan rawani da riga ja da kore dogari ne. Wanda ya lulluɓe kansa da dokinsa da kaya masu kauri, ga kwalkwali da gashin jimina a ka, ɗan lifidi ne. Rawani mai kunne biyu na faɗin gidan da mai shi ya fito. Daga nesa, cikin ƙura da ƙarar bindiga, ido na karanta matsayin kowa kafin kunne ya ji kirarinsa.

Wannan aikin ne masu zana labaran sadaukai a Amurka suka shafe fiye da shekara tamanin suna yi a kan takarda. Superman da X-Men da Avengers, waɗanda yara ke gani yau a waya da jikin jakar makaranta, duk daga mujallun zane masu araha suka fito. Tarihin tufafinsu na nuna cewa rigar sadauki ba ta zuwa haka kawai. Injin ɗab'i na da hannu a cikinta, kasuwa na da hannu, haka ma fahimtar mai zane game da mutanen da yake zanawa. Batun ya shafi ƙasar Zazzau kai tsaye, domin fitacciyar jarumarta, Sarauniya Amina, ta riga ta shiga wannan duniya.

Riga daga injin ɗab'i

Superman ya bayyana a 1938 a fitowar farko ta mujallar Action Comics, aikin matasa biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster. Matsattsiyar rigarsa da ɗan gajeren wandon da ke saman dogo sun samo asali ne daga shigar 'yan wasan nuna ƙarfi na dandalin nishaɗi, waɗanda mai karatu na wancan zamani ya saba gani. Da kallo ɗaya ya gane cewa ƙaƙƙarfa ne, kamar yadda ɗan dambe da naɗaɗɗen hannu ba ya bukatar gabatarwa.

Launukan kuwa injin ne ya tsara su. Ana buga mujallun a kan takardar jarida mai shan tawada, da tawada kala huɗu kacal, ana sayar da kowace a kan santi goma. Launin da ke fita tsaf shi ne ja da shuɗi da rawaya, don haka aka fi ba jarumai su, aka bar wa mugaye kore da shunayya, kamar yadda ake ganin Joker. Labarin Hulk ya isa misali. A fitowarsa ta farko a 1962 ruwan toka ne, amma maɗaba'a ta kasa fitar da launin iri ɗaya daga shafi zuwa shafi. A fitowa ta biyu aka mayar da shi kore, kuma da koren duniya ta san shi.

Anko, ko kowa da tasa

Da aka fara haɗa sadaukai cikin runduna sai wata tambaya ta taso: su yi anko, ko kowa ya zo da tasa? Runduna ta farko, Justice Society of America, ta fito a 1940, kuma taron manya ce. Kowane jarumi na da nasa labarin tun kafin haɗuwar, saboda haka ya zo da kayansa, tamkar hakimai a fada. Justice League ta 1960 da Avengers ta 1963 sun bi wannan tsari.

Stan Lee da Jack Kirby sun gwada wata hanya da Fantastic Four a 1961. A fitowa biyu na farko mutanen huɗu da kayan gida suke yaƙi. Sai a ta uku aka ɗinka musu shuɗin kaya iri ɗaya mai lamba 4 a ƙirji, ba tare da rufe fuska ba. Ankon ya dace da su, domin iyali ne: mai bincike da matar da zai aura, da ƙaninta, da amininsa.

X-Men ta 1963 ta fara da ɗalibai biyar a makarantar Farfesa Xavier, sanye da kaya iri ɗaya masu rawaya da shuɗi mai duhu, wato yunifom ɗin makaranta. A 1967 aka ba kowannensu tasa shigar, alamar sun girma. Hakan bai ceci mujallar ba. A 1970 aka daina sababbin labarai, aka koma maimaita tsofaffi.

A 1975 marubuci Len Wein da mai zane Dave Cockrum suka sake gina rundunar da baƙi daga ƙasashe dabam-dabam: Nightcrawler daga Jamus, Colossus daga Tarayyar Sobiyet, Wolverine daga Kanada, Storm daga Kenya. Babu anko. Kowa da kamanninsa da harshensa, kuma rashin jituwarsu ya zama gishirin labarin. Chris Claremont ya karɓi rubutun a shekarar, ya riƙe shi har 1991, X-Men ta tashi daga mujallar da ta kusa mutuwa ta zama kan gaba a kasuwa. Da aka yi fim ɗinta a 2000 sai aka sake komawa anko, wannan karon na baƙar fata, saboda masu fim na ganin rawayar da ta yi kyau a takarda za ta zama abin dariya a jikin mutum.

Afirka a idon mai zane na nesa

Storm, wadda sunanta Ororo Munroe, ta cancanci a tsaya a kanta. A labarin, mahaifiyarta 'yar sarauta ce daga Kenya, ta yi ƙuruciya a titunan Alƙahira, daga baya mutanen karkara suka ɗauke ta abin bauta saboda ikonta a kan ruwan sama. Shigarta ta farko baƙa ce, da mayafi mai kama da fukafukai da kambi a goshi. Kyakkyawan zane ne, amma babu ɗinki ko saƙa ko kitso a jikinsa da za a ce ga garin da ya fito. Afirkarta ta wanda bai taɓa zuwa ba ce. A 1983 mai zane Paul Smith ya aske mata gefen kai, ya bar zanko a tsakiya, ya sa mata rigar fata irin ta matasan Turai masu bore. Canjin ya zo daidai da lokacin da halinta ke sauyawa a labarin, daga mai sanyin rai zuwa shugabar da ta san ɗacin yanke hukunci.

Black Panther ya riga ta fitowa, a 1966, cikin baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa. Sai a fim ɗin 2018 aka yi wa ƙasarsa ta almara sutura mai tushe. Ruth Carter, wadda ta tsara kayan, ta ɗebo daga bargon Basotho, da duwatsun wuyan Masai, da hular matan Zulu, da shuɗin rawani da azurfar Buzaye. Aikin ya ba ta kyautar Oscar a 2019. Bambancin da ke tsakanin Storm ta 1975 da wannan fim bincike ne.

Yadda abin ya iso Nijeriya

Masu karatu a Nijeriya sun san jaruman takarda tun da daɗewa. Daga 1968 mujallar African Film ta kamfanin Drum ta riƙa kawo labarin Lance Spearman cikin hotuna, baƙar fata mai farautar 'yan ta'adda, sanye da kwat da malafar Turawa da sigari a baki. A 1975 aka fara buga Powerman domin kasuwar Nijeriya. Jarumin baƙi ne, amma Turawan Ingila biyu ne ke zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka shahara a duniya. A 1987 Andy Akman, ɗan Gana mazaunin Nijeriya, ya fito da Captain Africa. A 2013 Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas, ya yi wa jaruminsa Guardian Prime kaya kore da fari, launin tuta.

Zariya ta daɗe da mallakar kayan wannan sana'a. Nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Adabin da ya fito daga garin na da sadaukansa, irin su Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A 1958 kuma ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta yi kira a haɗa dabarar Turai da zanen gida. Ga maɗaba'a, ga labari, ga masu zane, duk a gari ɗaya. Sai dai ƙarfin maɗaba'ar ya fi tafiya wajen zube da jarida da yaƙi da jahilci, sadaukan suka zauna a cikin kalmomi.

Wa zai yi wa Amina sutura?

Tarihin Kano ya ambaci Amina a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, wasu masana kuma na sanya ta a ƙarni na 16 a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Muhammadu Bello ya kawo labarin yaƙe-yaƙenta a Infaƙul Maisuri. Babu hotonta da aka zana a zamaninta, saboda haka duk wanda ya zana ta, shi ya zaɓa mata kaya. An yi hakan a kan sarkin gidan waya na 1975. An sake yi a 2017, lokacin da Roye Okupe, haifaffen Legas mazaunin Amurka, ya fitar da Malika: Warrior Queen, labarin sarauniyar daular Azzaz, wanda ya gina a kan tarihinta. An kuma yi a fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya hau Netflix a 2021, wanda ya sha suka daga masu kallo a Arewa kan sutura da harshe.

Sukar tana da dalili, amma ba ta ɗinka riga. Mai zanen da ya tashi a Hunƙuyi ko Paki na da abin da Cockrum bai samu ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yaƙi Zazzau, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma har yau ana hawa da su. Ga rigar layu ta mafarauta da 'yan tauri, ga aska takwas ta maɗinkan birnin Zariya, ga baƙin rinin karofi, ga jar fatar dukawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma shi ma bincike ya hau kansa, domin sanya wa sarauniyar ƙarni biyar da suka wuce shigar matan yau hasashe ne, daidai da wanda ya tuɓe ta ya bar ta da sulken ƙirji.

Batun mutunci kuma an riga an nuna yana da mafita. A 2006 Naif al-Mutawa na Kuwaiti ya fito da The 99, rundunar jarumai daga ƙasashe da yawa, wasu matan cikinta da hijabi, wasu babu. A 2014 Marvel ta ba Kamala Khan, Musulma 'yar asalin Pakistan, mujallarta, da doguwar riga da wando da gyale waɗanda suka yi kama da shigar gidansu, kuma ta samu karɓuwa.

Inda za a fara karatu

Mai son ganin wannan tarihi da idonsa ya fara da Fantastic Four na Lee da Kirby, daga 1961 zuwa 1970, inda Black Panther ya fara bayyana. Daga nan ya wuce Giant-Size X-Men ta 1975, sannan The Dark Phoenix Saga ta Claremont da John Byrne ta 1980, inda rigar Jean Grey ta tashi daga kore zuwa ja a daidai lokacin da iko ya rinjaye ta. God Loves, Man Kills ta 1982 ta yi magana kan ƙyamar wanda ya bambanta, kuma ta manya ce. The New Teen Titans ta Marv Wolfman da George Pérez, wadda ta fara a 1980, ta bi Robin har zuwa 1984 da ya ajiye kayan yaron Batman ya zama Nightwing. A ƙarshe ya ɗauki Malika, ya auna ta da abin da ya sani na Zazzau. Iyayen da za su saya wa yara su fara dubawa da kansu.

Yaron da ke zana Spider-Man a bayan littafinsa a wata firamare ta Makarfi ya riga ya koyi yadda riga ke ba da labari. Abin da ya rage shi ne a kai shi hawan sallah mai zuwa da fensir da takarda, a nuna masa ɗan lifidi, a faɗa masa sunan kowane abu da ke jikinsa.