Taurarin Hunturu

Taurarin hunturu, ko taurarin ɗari, su ne kashi na ƙarshe cikin manzilolin wata 28 da malaman hisabi na ƙasar Hausa suka gado daga Larabawa. Bakwai ne: Sa'adu Zabihi, Sa'adu Bula'u, Sa'adu Sa'udu, Sa'adul Ahbiya, Far'u biyu da Baɗanul Hutu, kowanne kwana 13. A karkarar ƙasar Hausa lokacin waɗannan taurari zamanin ƙura ne da hazo, an gama girbi, leɓe na tsagewa.

A lissafin buruji kuwa, a wannan lokaci na hunturu, wanda aka haifa daga wajen 22 ga Disamba zuwa 19 ga Janairu ɗan Jadyu ne, na bayansa zuwa 18 ga Fabrairu ɗan Dalwu. Duka burujan biyu tauraron Zuhal ke mulkinsu. Sai dai da yake a da ba a cika rubuta ranar haihuwa ba, malamin duba yakan haɗa lissafin haruffan sunan mutum da na mahaifiyarsa, ya raba da 12, ragowar ta nuna burujinsa.

Masani Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan wannan fanni a littafinsa Durrul Manzum. Malaman fiƙihu sun yarda a san lokaci da alƙibla da taurari, amma sun hana neman gaibu da su.