Tarihin Shayi da Ire-iren Ɗanɗanonsa a Ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka tashi maganar tarihin arewacin Zamfara, abin da ya fi zuwa bakin mutane shi ne yaƙe-yaƙe da jerin sunayen sarakuna. Za a ambaci Alibawan Zurmi, da Muhammadu Namoda wanda garin Ƙaura ya ci sunansa, da faɗuwar Alƙalawa a shekarar 1808. Wannan kuwa daidai ne, domin su ne ginshiƙin tarihinmu. To amma abinci da abin sha na al'umma su ma suna ɗauke da nasu tarihin, sai dai ba a cika rubuta shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bibiyi yadda shayi ya shigo ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da kuma yadda ya sami ɗanɗanon da muka san shi da shi. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, ganyen shayi baƙo ne wanda ya iso mana ta hanyoyi biyu, ta arewa da ta kudu, amma haɗin da ake yi masa namu ne, kuma ya girmi ganyen a wannan ƙasa.

2.0 Asalin Ganyen da Sunansa

Kalmar shayi aro ce daga Larabci, su ma Larabawa ta iso musu ne daga ƙasar Sin ta hannun Farisawa. Koren shayi da baƙi da fari duk daga itace ɗaya ake tsinko su, wajen sarrafawa ne suke rabuwa. Idan aka turara ganyen ko aka gasa shi jim kaɗan bayan tsinka, sai ya riƙe launinsa, ya zama koren shayi mai ɗaci da bauri. Idan kuwa aka bari ya yi yaushi, aka murza shi, aka bar iska ta ratsa shi har ya yi duhu, to ya zama baƙin shayi, wanda ruwansa ke yin ja, kuma yake karɓar madara. Shi kuwa fari, tohon ganyen ne ake tsinka a shanya kawai, ba murza ba gashi, don haka ruwansa fatsi-fatsi ne, ɗanɗanonsa kuma marar ƙarfi. Lardin Fujiyan na ƙasar Sin ne ya shahara da shi. Wannan nau'i bai sami gindin zama a yankinmu ba, domin yana da tsada, kuma harshen da ya saba da yaji zai ji shi lami. Wanda duk ya je teburin mai shayi a Ƙaura ya nemi farin shayi, mai madara za a miƙo masa.

3.0 Abin da Shayi ya Tarar

Kafin zuwan ganyen, mutanen wannan yanki suna da abubuwan shansu. Da safe kunu ko koko, da rana fura, kuma babu ɗayansu da ake yi ba tare da kayan yaji ba. Kowace uwar gida tana da nata haɗin na citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono, wanda take dakawa ta ajiye. Kowannensu da aikinsa: citta tana kawo zafi a maƙogwaro, kanumfari ƙamshi, masoro yaji mai kaifi, kimba kuwa ɗan ɗaci mai ƙamshin hayaƙi. Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan kaya su ma fatake ne suke kawo su. Kimba da masoro daga kurmi suke zuwa tare da goro, kanumfari kuwa sunansa ma na Larabci ne, kuma asalin itacensa tsibiran Indunusiya ne, daga baya Zanzibar ta shahara da nomansa.

Bayan kayan yaji, akwai tsirran da ake jiƙawa ko a dafa a sha. Daga cikinsu akwai soɓorodo mai tsami, da tsamiya, da ɗoɗɗoya, da ganyen zogale, da ciyawar nan mai ƙamshi da ake kira tsaure. A da, ba a kiran ko ɗaya daga cikinsu shayi, sai dai a ce jiƙo ko dauri ko magani. A yau su ne ake zubawa a 'yan jakunkunan takarda a sayar a manyan kantuna da sunan shayin ganyaye. Misali mafi ban sha'awa shi ne geza, wadda ta cika dazuzzukanmu, muke sarar ta don saƙar kwando da shinge. Ganyenta ne mutanen Sanigal da Mali suke dafawa su sha da safe, suna kiran sa kinkeliba.

4.0 Hanyar Arewa: Shayin Buzaye

Turawa biyu masu yawon bincike sun ratsa Zurmi a ƙarni na 19, wato Kilafatan a 1824 da kuma Bat, wanda ake kira Abdulkarim, a 1853. Da shi Bat ya isa Tumbutu a wannan shekara, ya rubuta cewa Larabawan da ke zaune a birnin suna shan shayi, amma ya fi ƙarfin aljihun mutanen gari. Wannan ya nuna cewa a tsakiyar ƙarnin, shayi abin manyan fatake ne a bakin hamada. Turawan Ingila ne suke sauke koren ganyen ƙasar Sin a tashoshin ruwan Maroko, daga nan ayarin raƙuma su tsallaka da shi. Sannu a hankali Buzaye suka rungume shi, har ya zama ba su sauka a zango ba tare da sun ɗora buta ba.

Ƙasar Zurmi ta yi iyaka da jihar Maraɗi ta Nijar, kasuwar Shinkafi kuma, wadda ke ci ranar Alhamis, ta daɗe tana karɓar Abzinawa masu kawo gishiri da kanwa da dabino da dabbobi su koma da hatsi. Ta wannan hulɗa ce mutanenmu suka ga shayin buta. Ya ƙara yaɗuwa bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da Buzaye da yawa suka rasa dabbobinsu suka gangaro garuruwan Nijeriya suna aikin gadi. Na fara aikin gwamnati a tsohuwar Jihar Sakkwato a farkon shekarun 1980, kuma na shaida yadda ƙofar kowane ofis da sito ta zama wurin da ƙananan ma'aikata suke zama su koyi wannan dahuwa a wajen maigadi.

Tsarinsa sananne ne. Ana ɗora ƙaramar buta a kan gawayi, a zuba ganye mai yawa da ruwa kaɗan, a bar shi ya yi ta tafasa. Wannan doguwar tafasa ce take fito da ɗaci da baurin da ke cikin ganyen, shi ya sa sai an zuba sukari da yawa. Sai a riƙa ɗaga buta sama ana tsiyayawa a finjali ana mayarwa, har ya yi kumfa. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku. Na farko mai ɗaci ne ƙwarai, na manya. Na biyu ya sassauta, a nan ake jefa na'ana'a. Na uku kuwa zaƙi ya rinjaya, har yara ana sam musu. Mutanenmu ba su tsaya a nan ba, sai da suka ƙara masa kanumfari da citta, wasu har da kimba.

5.0 Hanyar Kudu: Jirgin Ƙasa da Teburin Mai Shayi

A shekarar 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda, nan ne kuma ya tsaya. An shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da auduga, amma taragon da ya tafi da gyaɗa ba ya dawowa wayam. Kamfanonin Turawa irin su U.A.C. da John Holt sun buɗe kantuna a garuruwan da ke bakin layin, suna sayar da atamfa da kananzir da sukari da baƙin ganyen shayi na Indiya da Silon. Ma'aikatan jirgi da akawuna, waɗanda yawancinsu mutanen kudu ne, su suka zo da al'adar karya kumallo da shayi da burodi. Dattawan da na zanta da su a Ƙaura sun tabbatar mini cewa a ƙuruciyarsu ti ake kiran wannan nau'i, kuma ana ɗaukar sa abin 'yan boko.

Da madarar gwangwani ta wadata daga shekarun 1950, sai sana'ar mai shayi ta kafu a tashar jirgi da tashar mota. A teburinsa ne hanyoyin biyu suka haɗu da gadon gida. Ganyen na kanti ne, amma ruwan da ke cikin tukunya an riga an dafa shi da citta da kanumfari da masoro, wato haɗin da ake zuba wa kunu. Daga nan aka sami sunaye irin su ruwan bunu, wato jan shayi marar madara, da haɗin kauri, wanda aka cika wa madara da garin koko. Ita kanta cittar, yawancinta daga kudancin Kaduna take zuwa, wajejen Kaciya da Kwoi da Kafancan. Daga baya ganyen Lipton na 'yar jaka ya mamaye tebura, har sunansa ya zama sunan kowane baƙin shayi. Nijeriya ma tana noma nata a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda aka kafa gonar a shekarun 1970, ake fitar da shi da sunan Highland Tea.

6.0 Halin da Ake Ciki

Tunda wannan ɗanɗano ya dogara ne a kan hanya da kasuwa da daji, duk abin da ya taɓa ɗayansu sai an ji shi a kofi. An rufe iyakokin ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024. A Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci saboda matsalar 'yan bindiga. A 2023 kuma wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, farashinta ya yi tashin gwauron zabo, har wasu masu shayi suka koma ƙara barkono don cike giɓin.

Farashi yakan hau ya sauka, amma akwai asarar da ta fi wannan. Tsofaffin matan da suka san inda tsaure ke fitowa a bakin gulbin Gagare da na Bunsuru, suka san lokacin tsinkarsa da adadin da ake zubawa, da yawansu rashin tsaro ya raba su da ƙauyukansu. Wadda ke zaman gudun hijira a cikin gari ba ta da dajin da za ta nuna wa jikanyarta. Idan aka ci gaba a haka, za a wayi gari jikokinmu suna sayen ganyen geza a kwali daga ƙasar waje, ba su san ita ce a bayan gidan kakanninsu ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa koren shayi ya zo mana da raƙumi, baƙi ya zo da jirgin ƙasa, fari bai zauna ba, su kuwa kayan yaji da tsirran daji nan suka tarar da su. Ina ba da shawara ga hukumomin raya al'adu da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da su zauna da tsofaffin masu shayi da masu kayan koli da iyayenmu mata, su rubuta sunan kowane tsiro da wurin da yake fitowa da yadda ake haɗa shi. Aiki ne da ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, illa littafi da alƙalami da haƙurin sauraro, kuma ya kamata a fara shi tun masu wannan sani suna raye.