Hawan Lahadi A Birnin Bogota

A ƙasar Kolombiya, can Kudancin Amurka, akwai wani birni da ake kira Bogota, wanda shi ne fadar gwamnatin ƙasar. Birni ne da ke bisa tsauni, tudunsa ya kai mita 2,600 daga gaɓar teku, don haka sanyi ba ya rabuwa da shi, baƙo kuwa in ya ɗaga ƙafa da sauri sai numfashi ya nemi gagararsa. A wannan birni, kowace Lahadi da kowace ranar hutun gwamnati, tun daga ƙarfe bakwai na safe har biyu na rana, akan rufe manyan tituna masu tsawon fiye da kilomita 120, a hana mota bi, a sakar wa masu keke da masu tafiya ƙasa. Su suna kiran abin Siklobiya, wato hanyar keke da harshen Sifaniyanci. Ni kuwa ban ga sunan da ya dace da shi a Hausa kamar hawan Lahadi ba, don kuwa hawa ne sosai, sai dai ba sarki, ba dogarai, dokin kuma na ƙarfe ne.

Kafin mai karatu ya gane yadda abin ya samo asali, sai ya san halin da birnin ya shiga. Ran 9 ga Afrilu, 1948, aka harbe wani ɗan siyasa mai farin jini wurin talakawa, Jorge Eliecer Gaitan, a tsakiyar Bogota. Nan take gari ya kama da wuta, daga nan kuma ƙasar ta auka yaƙin ƙauyuka na wajen shekara goma, wanda ya ci rayuka kimanin 200,000. Manoma suka yi ta kwararowa birni don tsira da rai. Garin da a 1951 mutanensa ba su wuce 700,000 ba, kafin 1973 ya doshi miliyan uku. A 1954 ma sai da aka haɗiye garuruwa shida na kewaye, irin su Bosa da Suba da Usaken, suka koma unguwanni. Masu hali suka tattara suka yi arewa, talakawa suka cika kudu. Tituna kuma aka yi ta faɗaɗa su saboda mota, alhali kuwa mafi yawan jama'a ba su da ko taya.

Amma fa suna da keke, suna kuma ƙaunarsa. Tun 1951 aka fara tseren keke na zagaya ƙasar, ana bin sa a rediyo gida-gida, gwanayen kuwa akasarinsu 'ya'yan manoma ne da 'yan aike waɗanda hawan duwatsu ya ƙarfafa musu ƙwauri. Wani daga cikin zakarun, Cochise Rodriguez, har ya ciwo kambin duniya a Italiya a 1971.

To, cikin wannan hali ne wani saurayi mai suna Jaime Ortiz Marino ya komo gida daga Amurka, inda ya karanto zanen gine-gine a birnin Kilibilan. A can ya ga yadda mota ta kwashe masu kuɗi zuwa unguwannin bayan gari, tsakiyar birni ta zama kango, ya kuwa lura cewa Bogota wannan turba ta ɗauka. Gani ga wane, an ce, ya ishi wane tsoron Allah. Shi da abokansa suka kafa ƙungiya mai suna Pro-Cicla, suka nemi izini, aka rufe musu manyan tituna biyu na tsakiyar gari ran Lahadi, 15 ga Disamba, 1974. Mutum wajen 5,000 suka fito bisa kekuna. Ba yawon shan iska suka fito ba, zanga-zanga ce, suna kukan hayaƙi da cunkoso da rashin wurin da yaro zai taka keke ba tare da uwarsa ta dafe ƙirji ba. Suka sake fitowa a 1975. A 1976 magajin gari, Luis Prieto Ocampo, ya sa hannu a dokar da ta mai da abin na hukuma.

A nan ne nake ganin akwai abin dubawa. Abin da samarin nan suka nema shi ne a ba keke matsayinsa a titi kullum, ma'aikaci ya je aiki ya komo lafiya. Abin da aka ba su kuwa rabin yini ne a mako, ranar da dama masu motoci ke barci. Wasu za su ce an yi musu wayo, an mai da kuka ya zama wasa, kuma da gaskiyarsu. Sai dai wanda ya ba ka aron titi ran Lahadi ya riga ya nuna wa duniya cewa titin yana aruwa, wannan kuwa ba ya sake ɓoyuwa.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa birnin daɗi ba. A 1985 'yan tawaye suka mamaye babbar kotun ƙasa, sojoji suka far musu, alƙalai da dama suka halaka. A 1989 dillalan hodar iblis suka yi ta tada bama-bamai. Hawan Lahadi bai mutu ba, amma ya rame, hanyoyinsa suka ragu, abin da ya saura kuma yawanci a unguwannin masu hali yake.

Farfaɗowarsa ta zo a 1995, sa'ad da Antanas Mockus, malamin lissafi kuma tsohon shugaban jami'a, ya zama magajin gari. Aka ɗauke al'amarin daga hannun ma'aikatar sufuri aka damƙa wa hukumar wasanni da shaƙatawa, ƙarƙashin Guillermo Penalosa. Shi ne ya dinga jona titi da titi har suka zama zare guda, ya tura hanyar kudu cikin unguwannin talakawa, ya haɗa ta da lambunan gari, ya ɗauki ɗalibai aikin tsaro da taimakon gaggawa, aka kuma kafa dandamali a lambuna inda ake motsa jiki da kiɗa kyauta. Kafin 2000 tsawon hanyar ya kai kilomita 121.

Wannan jonawa ita ce ƙashin bayan labarin. Bogota gari ne da hukuma da kanta ta kasa gidajensa aji shida, daga na ɗaya na matalauta zuwa na shida na attajirai, kuma da wannan ajin ake yanka wa mutum kuɗin wuta da ruwa. Yaron aji ɗaya yana iya girma bai taɓa taka unguwar aji shida ba sai in aikatau ya kai shi. Amma ran Lahadi sai ya hau kwaraɓaɓɓen kekensa daga lambun El Tunal a kudu, ya miƙa arewa, ko ya ratsa ta lambun Simon Bolibar, ko ya bi ta gaban Lambun Ƙasa har Usaken, babu mai tambayarsa ina za shi. Ga iyali da 'ya'yansu jere, ga tsoho yana turawa a hankali, ga masu faci da masu matse lemo da masu yanka mangwaro a gefen titi suna samun na cefane. Akan ƙiyasta masu fitowa da fiye da mutum miliyan ɗaya a rana guda.

Ɗan'uwan Guillermo, wato Enrique Penalosa, ya yi magajin gari daga 1998 zuwa 2000, ya shimfiɗa hanyoyin keke na dindindin wajen kilomita 300, wanda shi ne ainihin abin da mutanen 1974 suka fito nema. A Fabrairun 2000 kuma ya hana motocin gida fita yini guda a ranar aiki, jama'a suka jefa ƙuri'a a ci gaba da haka duk shekara. Duk da wannan ba kowa ya so ba. A 2007 wani ɗan majalisa ya kawo ƙudurin a rage lokacin hawan, wai yana tsare motoci, masu keke suka yi ca, ƙudurin ya sha ƙasa. Kada kuma mai karatu ya ɗauka Bogota ta zama aljanna. Da garin Litinin ya waye cunkoso yake komawa, irin wanda ake sa shi cikin mafi muni a duniya, ɓarayin keke kuma ba su huta ba.

Garuruwa da yawa sun kwaikwaya. Birnin Meksiko ya fara nasa a 2007, Los Anjalis a 2010. A nahiyarmu, Kigali ta Ruwanda ta soma rufe tituna a 2016, Adis Ababa ta bi sahu a ƙarshen 2018. Ita kuwa Bogota, da annobar korona ta sauka a Maris na 2020, mutane suka ji tsoron cusuwa a bas, sai magajiyar gari Claudia Lopez ta sa aka fito da shingayen da ake tare titi da su ran Lahadi, aka keɓe wa masu keke layi na wajen kilomita 76 a ranakun aiki, cikin 'yan kwanaki kaɗan.