Tarihin Canjin Tof Silinda: Daga Ford Zuwa Fijo 504 Ta Kaduna

Yau za mu ɗan ajiye waya mu leƙa gareji, don wannan batu ya shafi aljihun duk mai tsohuwar Fijo da ke jigila tsakanin Gagarawa, Gumel da kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Tof silinda shi ne murfin saman inji, inda filogi da bawul suke zaune. Fistin yana hawowa ya matse iska da fetur a ɗan kwarmin da ke ƙarƙashinsa, sannan filogi ya ba da wuta. In kwarmin ya ƙanƙance, matsi ya ƙaru, ƙarfi ma ya ƙaru. Wannan matsin ne kanikawa ke kira kwamfireshin.

Dabarar ta tsufa. Ford Model T ta 1908 matsinta bai wuce 4 da ɗoriya bisa 1 ba, saboda fetur ɗin lokacin in an matse shi sosai sai ya fashe da kansa, inji ya riƙa ƙarar kas-kas. A 1921 Thomas Midgley na General Motors ya gano cewa sinadarin dalma yana hana wannan fashewa, aka fara sayar da fetur mai dalma a 1923. Daga nan kamfanoni suka samu damar ƙara matsi. Bayan Ford ta fito da injin V8 a 1932, samarin Amurka suka shiga cire tof ɗin kamfani suna ɗora na alminiyam mai ƙaramin kwarmi, irin wanda Edelbrock ya yi suna da shi.

Mu kuma Peugeot ce ta zama makarantarmu. An fito da 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma 504 ta ci gaba da fita daga can har wajen 2006. Injinta bulok na ƙarfe ne, tof kuma na alminiyam. To alminiyam ba ya son zafi. Ruwan lagireto ya ƙare a ranar bazara, sai tof ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Bakanike zai ce ko dai a kai a kankare fuskarsa ta daidaita, ko a je Ƙofar Ruwa a Kano a nemo na hannu. Ka ga a nan sau da yawa gyara ake nema, ƙarin matsin yana biyo baya ne ba tare da mai mota ya sani ba.

Ga lissafin. Injin 504 mai cc 1971, kowace silinda tana ɗaukar kusan cc 493. A ce kwarmin cc 67 ne: 493 a tara da 67, a raba da 67, ya ba da kusan 8.4 bisa 1. Faɗin silindar milimita 88 ne, don haka kankare milimita 1 kacal na iya cinye har kusan cc 6. Kwarmi ya koma 61, matsi ya haura 9. Tof na hannu da aka taɓa kankarewa sau biyu ma haka zai yi maka.

Matsalar ita ce dalma guba ce, tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A taron Dakar na 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka amince su daina fetur mai dalma zuwa ƙarshen 2005, kuma gara da aka yi hakan. Yanzu ingancin man da ka zuba shi ne kaɗai garkuwar injinka, na bumburutu a galan kuwa ba ka san me aka gauraya ba.

Saboda haka kafin a ɗora maka wani tof, sa a auna kaurinsa, a auna kwarmin da sirinji da mai, a duba ko ramukan ruwa sun yi daidai da na bulok. Bayan an ɗaure, in ka ji kas-kas lokacin da ka ɗauko lodi, a rage taimin nan take. In ka ƙyale, fistin ne zai huje, kuɗin tof ya koma kuɗin inji. Allah Ya tsare mana hanya.