Minti 15 da ke bayan manhaja

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, sama da kashi 75 cikin ɗari na masu ciwon damuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ba sa samun magani ko kaɗan. Likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, su ma sun tare a manyan birane, wayar salula kuwa ta shiga har ƙauye. Shi ya sa aka ɗora hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck ya aza harsashinta a Amurka a shekarun 1960, a kan waya. Abin da nake ƙalubalanta shi ne zaton da ake yi cewa manhajar ce kaɗai ke warkarwa.

Mu duba Lebanon. Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatar lafiyar ƙasar sun samar da manhajar Step-by-Step: darasi biyar, cikin labari mai zane na wani da damuwa ta kama, yana lallaɓawa har ya farfaɗo. A gwajin da Pim Cuijpers da abokan aikinsa suka wallafa a 2022, kan 'yan gudun hijirar Siriya 569, damuwa da fargaba sun ragu ga waɗanda suka bi darussan fiye da waɗanda aka bai wa bayani kawai. Sai dai kowane mako akwai mataimaki, wanda ba likita ba ne, horo aka yi masa, da ke kira ko aika saƙo na kimanin minti 15: yaya jiki, an yi aikin makon nan, me ya hana? Haka aka yi a Indonesiya a gwajin Retha Arjadi na 2018, mutum 313, da masu ba da shawara waɗanda ba ƙwararru ba. A wuraren biyu da mutum a bayan allo.

Akwai wani abin lura kuma. Duka shirye-shiryen biyu sun fi karkata ga ɗabi'a, ba ga gardama da tunani ba. Hikima ce. Matar da ke tanti a kwarin Bekaa na Lebanon, idan ta ce ba ta san inda kuɗin haya zai fito ba, ba karkataccen tunani ke damunta ba. Gaskiya ta faɗa. Ce mata ta sake nazari raini ne. Amma a ce ta leƙa maƙwabciya ranar Laraba, ta koma ɗinkin da ta ajiye, ta ja numfashi a hankali idan ƙirji ya cushe, wannan yana cikin ikonta.

Raunin ma ba ɓoyayye ba ne. Kusan rabin 'yan Siriyan nan ba su kai ga awon ƙarshen shirin ba. Wanda ya san gidan da waya ɗaya ce, tana aljihun maigida har dare, ga kuɗin data, ga wuta babu, ba zai yi mamaki ba. 

Saboda haka gwamnatin da ta sayi manhaja ba ta ware albashin mataimaka da masu sa musu ido ba, abin da ta saya ba shi aka gwada ba. Gwajin na Lebanon ma bai ɗauki masu shirin kashe kansu ba. Waɗannan sai an miƙa su ga ƙwararru, wato dai likitocin nan da tun farko ba su wadata ba.