Bonu da ruwan Gurara: namu ne, ba na Abuja ba

Tarihinmu na wannan mako ya kai mu Bonu, ƙaramin ƙauye a ƙaramar hukumar Gurara, a bakin titin Suleja zuwa Minna. Daga nan ake ratsewa zuwa magangarar ruwan Gurara, inda kogin ke faɗowa daga kan duwatsu tsayin kimanin mita 30. Kogin daga Jihar Kaduna ya taso, ya ratsa ƙasarmu, ya je ya zuba cikin kogin Neja.

Mutanen wannan yanki Gbagyi ne, waɗanda muke kira Gwari, manoman doya da dawa. Sun riga kakanninmu zama a nan. Ko da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a lokacin jihadi ya yo kudu, su da Koro ya tarar. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garinmu a 1828, aka kira shi Abuja. Labarin da ake ba baƙi shi ne wani maharbi mai suna Buba ya fara isa magangarar a 1745, kuma sunan ya fito daga Gura da Rara, abubuwan bautar mutanen da. Labarin baka ne, amma ko a haka ya girmi ganuwar garinmu.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake tallata wurin a intanet a matsayin wurin shaƙatawar Abuja. Da aka ƙirƙiri babban birnin tarayya a 1976 mun ba da ƙasa mai yawa, mun ba da suna, garinmu ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Gurara kuwa ba ta cikin kyautar. Tana Jihar Neja, ƙarƙashin masarautar Suleja. Baƙi su zo, su ɗauki hoto, su koma, da yawansu ko sunan ƙauyen ba su sani ba.

Ga matasanmu masu zuwa da sallah: da rani ruwan kan ja baya ya yi garau, ana iya sauka ƙasa. Daga Agusta zuwa Satumba kuwa rugugin sa kaɗai ya isa gargaɗi, duwatsun suna da santsi, kuma ruwan ba ya sanin gwani. Ku tsaya daga sama, ku tambayi 'yan garin inda ake takawa.